Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: amsa ga ma'ajin da ke tsakanin fastoci biyu

Wasiƙar da ta iso

"Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni ne ma'ajin kwamitin gini a ikilisiyarmu. Babban fastonmu shi ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mini aure, shi kuma ya tsaya a kan jana'izar mahaifina. Wata biyar ke nan da ya karɓi naira 700,000 daga kuɗin kwanon rufi a hannuna, ya ce buƙata ce ta gaggawa, zai yi wa dattawa bayani. Har yau bai yi ba, kuɗin kuma ba su dawo ba. Da na yi tambaya a taron kwamiti, ranar Lahadin da ta biyo baya sai ya yi wa'azi a kan Kora, ya ce wanda ya taɓa shafaffen Allah ba zai gama lafiya ba, jama'a kuma suka yi ta juyowa suna kallona. Yanzu mataimakinsa yana tara waɗansu a gidansa da dare, sun buɗe zaure a WhatsApp, yana so in ɗauki hoton littafin kuɗi in tura musu, sa'an nan mu fita mu kafa namu wurin sujada a sabuwar shekara. Mahaifiyata kullum cikin kuka take, tana tsoron bakin fasto zai kama ni. Idan na yi shiru ina jin na ci amanar masu ba da baiko, idan na bi su ina jin na ci amanar wanda ya raine ni. Me zan yi?"

Amsa

Ɗana, na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da ya kwantar mini da hankali a cikinta shi ne yadda ka fara lissafa alherin fastonka kafin ka ambaci laifinsa. Wanda zuciyarsa ta riga ta yi tsami ba ya tuna ranar baftisma, balle ranar jana'iza. Saboda haka zan yi maka magana a matsayin wanda har yanzu yana cikin gida, kuma zan faɗa maka hukuncina tun da wuri domin kada ka yi ta nemansa: kada ka tura hoton littafin nan, kada ka halarci taron dare, kada kuma ka haɗiye maganar kuɗin.

Bari in fara da girmamawa, domin a zamanin nan ita ce aka fi saurin yarwa. Hausawa sun ce bin na gaba bin Allah, Littafi Mai Tsarki kuma bai saɓa wa wannan ba. A Ibraniyawa 13:17 an umarce mu da yin biyayya ga shugabanninmu, aka kuma ba da dalili: suna tsaron rayukanmu a matsayin waɗanda za su ba da lissafi. Bulus ya roƙi Tasalonikawa su girmama masu fama da aiki a cikinsu, su ƙaunace su ƙwarai saboda aikin da suke yi, ya kuma ce wa Timoti dattawan da ke riƙon ikilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu. Mu da muke arewacin Nijeriya mun san nauyin wannan aiki ba a takarda kawai ba. Mun ga fastocin da suka zauna da garkensu a ƙauyukan da kowa ya gudu, mun ga waɗanda albashinsu bai kai kuɗin makarantar 'ya'yansu ba amma ba su fasa ziyarar marasa lafiya ba, kuma ba mu manta da Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ba, wanda 'yan Boko Haram suka kama a Michika suka kashe shi a watan Janairu na 2020. Babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa, fasto kuwa ya fi kowa sanin haka. Mutumin da ya tsaya a bakin kabarin mahaifinka yana da hakki a kanka wanda naira 700,000 ba su share shi ba.

Amma ka sake duba ayar Ibraniyawa da kyau. Wanda aka ce a yi masa biyayya shi ne kuma aka ce zai ba da lissafi. Nan ne fastonka ya kauce, kuma ba zan ɓoye maka ba, wa'azin da ya yi a kan Kora ya fi batun kuɗin damuna. Kuɗi suna iya shiga wata buƙata ta gaskiya, mutum ya ji kunyar faɗa, ya yi ta ɗaga ranar bayani har ta yi masa nisa. Amma hawa bagade domin a tsoratar da wanda ya yi tambaya a inda ya kamata a yi ta, wannan amfani ne da Maganar Allah a matsayin garkuwar kai. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, jama'ar da suka juyo suna kallonka ma sun sani.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, don haka ba ka bukatar kowa ya fassara maka labarin Kora. Buɗe Littafin Ƙidaya sura 16 ka karanta da kanka. Kora da Datan da Abiram sun tara shugabannin jama'a 250 suka tasar wa Musa da Haruna, kuma Musa ya tona abin da ke ƙarƙashin maganarsu: matsayin firist Kora yake nema, aikin da aka ba shi na Balawe bai ishe shi ba. Ba tambayar inda aka kai dukiyar jama'a suka zo yi ba. Hasali ma, a cikin wannan surar ce Musa ya ce wa Ubangiji ko jaki ɗaya bai taɓa karɓa daga hannunsu ba. Shugaban da yake so ya tsaya a inuwar Musa, sai ya iya faɗin wannan magana a gaban Allah da mutane. Sama'ila ma da ya tsufa ya tsaya gaban dukan Isra'ila ya ce a fito a faɗi san wa ko jakin wa ya ƙwace, domin ya biya. Ayar nan kuma da ake yawan ja, wadda ta hana taɓa shafaffu, tana Zabura 105:15, kuma idan ka karanta ayoyin da ke gabanta za ka ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne lokacin da suke kaɗan, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna saboda su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga hannun masu iko. Ba daidai ba ne a juya ta ta zama sandar da mai iko zai daki ma'ajinsa.

Game da kuɗin jama'a, Littafi bai bar mu cikin duhu ba. Da Ezra zai taso daga bakin kogin Ahawa da azurfa da zinariyar Haikali, auna su ya yi ya danƙa wa firistoci, da suka isa Urushalima kuma aka sake aunawa aka rubuta nauyin kome. Bulus, wanda ba mai shakkar amincinsa, bai yarda ya riƙe gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya ce yana yin haka ne domin kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Tambayar da ka yi a kwamiti aikinka ce, kuma tsohuwar da ta sayar da kazarta ta sa kuɗin a asusun rufi tana da hakkin a yi wannan tambaya a madadinta.

Sai dai akwai naka kason, kuma na fi so ka ji shi daga bakina kafin wani ya jefe ka da shi a taro. Kai ne ka miƙa kuɗin, ba tare da izinin dattawa ba, kuma daga wasiƙarka ban ga alamar an sa hannu a wata takarda ba. Na san abin da ya sa: kunya da girmamawa ba su bar ka ka ce wa Baba ya kawo takarda ba. Amma da ka ce masa a ranar, "Baba, bari in kira shugaban kwamiti mu sa hannu tare," da ka kare shi daga jarabar da yake ciki yau. Ka riƙe wannan a zuciya, zai sassauta muryarka idan ka je gabansa.

Yanzu ga maganar mataimakin fasto, inda nake so in daɗe, domin a nan haɗarin da ya fi kusa da kai yake. Ka karanta 2 Sama'ila 15. Absalom, ɗan sarki Dawuda, yakan tashi da sassafe ya tsaya a hanyar ƙofar gari, duk wanda ya zo da ƙara wurin sarki sai ya tare shi, ya ce masa maganarsa tana da kyau, tana kuma kan gaskiya, sai dai ba wanda sarki ya sa ya saurare shi, ya ƙara da cewa da ma shi aka naɗa alƙali da kowa ya sami hakkinsa. Wanda ya zo zai rusuna masa sai ya kama shi ya sumbace shi. Da haka, in ji Littafi, ya sace zukatan mutanen Isra'ila. Abin lura shi ne Absalom yana da ƙorafi na gaskiya a kan mahaifinsa: an ci mutuncin ƙanwarsa Tamar, Dawuda ya husata amma bai hukunta mai laifin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tawaye kuma kusan kullum ta tsagar wani laifi na gaske yake shigowa. Gaskiyar ƙorafin ba ta wanke hanyar da Absalom ya bi ba, ba ta kuma hana jini zuba ba.

Akwai aya ɗaya a wannan labari da nake so ka tsaya a kanta. Mutum 200 ne suka bi Absalom daga Urushalima zuwa Hebron bisa gayyata, suka tafi da zuciya ɗaya, ba su san kome game da makircin ba. Ina jin tsoron kada ka zama ɗaya daga cikin irin waɗannan. Ka tambayi kanka: idan gyara mataimakin fasto yake nema, me ya hana shi kai maganar gaban dattawa, alhali shi ma yana da kujera da murya a wurin? Me ya sa aka riga aka tsai da ranar fita tun kafin a nemi jin bakin wanda ake zargi? Wanda ya sa ranar tashi ya gama shawara, hujjar da zai nuna wa jama'a kawai ta rage masa, hujjar kuwa tana cikin littafin da ke hannunka. Ban ce na san zuciyarsa ba, mai yiwuwa shi ma an ƙuntata masa shekara da shekaru. Amma hanyar da ya ɗauka, ta taron dare da zauren da aka ware waɗansu aka bar waɗansu, ita ce wadda Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa a kanta, cewa daga cikinsu ma waɗansu za su taso su janye almajirai zuwa bayansu.

Littafin kuɗin nan amana ce ta ikilisiya, ba naka ba ne balle ka ba da aronsa. Magana zarar bunu ce, hoto a waya kuwa ya fi ta wuyar mayarwa. Cikin yini ɗaya zai fita daga zauren nan ya shiga wayoyin mutanen da ba su taɓa taka majami'arku ba, kuma a garuruwanmu, inda maƙwabta suke auna bangaskiyarmu da halinmu, sunan Almasihu ne zai sha zagi kafin na fasto. Ko da daga baya aka gano kuɗin asibitin wani maraya aka biya da su, tabon ba zai goge ba.

Mutane da yawa suna zaton haɗarin rashin aminci ga shugaba shi ne ƙasa ta tsage ta haɗiye mutum ko wata cuta ta same shi. Abin da na gani da idona a rabuwar ikilisiya ya fi wannan shiru, ya kuma fi shi daɗewa. Na ga wa da ƙane sun daina gaisawa, na ga zumuntar mata ta dare biyu har wata ta ƙi zuwa gaisuwar mutuwa gidan wadda suka yi shekara 20 suna waƙa tare, na ga matasan da suka tsaya suna kallon iyayensu suna jifan juna da ayoyi suka yanke cewa ba gaskiya a ko'ina, suka daina zuwa nan, suka daina zuwa can. Akwai kuma abin da yake yi wa zuciyar wanda ya yi shi. Wanda ya saba zama ana cin naman shugaba da dare, kunnensa yakan daina jin wa'azi, sai neman kuskure, kuma ba ya barin wannan hali a tsohuwar majami'a idan ya tashi. Jama'ar da aka tara da gunaguni sun riga sun koyi yadda ake tsige shugaba, kuma mataimakin fasto zai gane haka ranar da ya yi nasa kuskuren na fari.

Misalin da nake so ka bi shi ne na Dawuda a kogon En-gedi, a 1 Sama'ila 24. Saul ya fito da zaɓaɓɓun mutum 3,000 yana farautarsa, sai ga shi ya faɗo hannunsa shi kaɗai. Mutanen Dawuda suka ce masa ranar da Ubangiji ya yi alkawari ce ta zo. Ya yanki gefen rigar Saul kawai, duk da haka zuciyarsa ta dame shi, ya kuma hana mutanensa taɓa sarki. Masu wa'azi da yawa a nan suke tsayawa, amma labarin bai ƙare ba. Dawuda ya fito fili, ya rusuna har ƙasa, ya kira Saul ubangijinsa sarki, ya kira shi babansa, sa'an nan ya ɗaga ƙyallen ya faɗa masa ido da ido cewa yana farautar ransa ba da laifin kome ba, Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Rusunawar da faɗin gaskiyar a wuri ɗaya aka yi su, a gaban mutumin, da rana. Haka Natan ya yi wa Dawuda kansa daga baya, haka kuma Bulus ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya, ba wanda ya kira su maciya amana.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. A cikin makon nan ka je gidan fastonka kai kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya tsara, a lokacin da ba baƙi. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka gai da Mama, ka zauna inda ɗa yake zama. Bulus ya ce wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar uba, to, da wannan murya za ka yi magana. Ka fara da naka laifin, ka ce ka yi kuskure da ka fitar da kuɗi ba da sanin dattawa ba, kuma ba za ka iya rufe lissafin shekara da wannan giɓi ba. Ka roƙe shi ya kai maganar gaban dattawa da bakinsa kafin taronsu na gaba, ka kuma sanar da shi a fili cewa idan ranar ta zo bai yi ba, dole ne kai ka rubuta musu, domin kada ya ji daga baya ya ce ka yi masa yankan baya. Ka faɗa masa kuma cewa wa'azin nan ya yi maka ciwo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ba mamaki ka tarar da mutumin da kunya ta ɗaure, yana neman ƙofar da zai fita ba tare da an tozarta shi ba.

Idan bai ji ba, ka koma da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda ba sa cikin zauren nan kuma ba 'yan amshin shata ba ne. A 1 Timoti 5:19 an hana karɓar ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku, aya ta 20 kuma ta ce masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa. Ayoyin nan biyu a jere suke, ta farko tana kare shugaba daga ƙazafi, ta biyu tana kare ikilisiya daga shugaba. Bayan haka sai rubutacciyar takarda ga majalisar dattawa, mai ɗauke da rana da adadi da abin da aka faɗa maka, ba zagi, ba hasashen inda kuɗin suka tafi. Idan dattawa suka kasa, manyan ɗarikunmu irin su ECWA da COCIN da EYN duk suna da majalisu a sama da ikilisiyar gari, kuma domin irin wannan rana aka kafa su. Ka nemi kundin tsarin ɗarikarku ka ga matakin da ke gaba. Hanyar tana da jinkiri, wani lokaci tana da ban takaici, amma ita ce wadda za ka iya bi ka kuma ci Jibin Ubangiji da lamiri mai tsabta.

Shi kuma mataimakin fasto, kada ka fice daga zauren a ɓoye. Ka same shi ka gaya masa ba za ka ba da littafin ba, ka kuma gayyace shi ya zo ku bi ta gaban dattawa tare idan gyara yake so. Amsar da zai ba ka za ta nuna maka abin da ban iya gani daga nan ba.

Mahaifiyarka kuwa ka zauna da ita ka karanta mata Karin Magana 26:2, inda aka kwatanta la'anar da ba dalili da tsuntsun da ke ta shawagi ba ya sauka. Ka tabbatar mata ba za ka zagi fasto ba, ba za ka bi masu fita ba, ka kuma roƙe ta ta riƙa yi muku addu'a ku biyun da suna. Tsoronta daga ƙauna yake, kuma rabin abin da take ji gaskiya ne, domin ta san raina na gaba ba ya kai mutum ga alheri.

Mai yiwuwa ne ka bi duk waɗannan matakai a ƙi saurararka, har zama ya gagara. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Markus, kowa ya kama hanyarsa, aikin bishara bai tsaya ba. Idan ta kai ga haka, ka nemi takardar sallama zuwa wata ikilisiya da take tsaye tun da, ka je ka yi wa fastonka bankwana a gidansa, ka gode masa saboda baftisma da aure da jana'izar mahaifinka, kada kuma ka ja ko mutum ɗaya ya bi ka. Littafin kuɗin da rasit-rasit ɗin da ke hannunka ka miƙa su ga dattawa a zaune, a bi su shafi bayan shafi, a rubuta giɓin naira 700,000 yadda yake, su sa hannu kai ma ka sa.